Kawu Foman da Hotunan da Aka Goge

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, a gidansa na Masaka, kusa da Abuja, yana zaune kan tabarma yana jiran a kawo masa kunu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Mu 'yan uwa na jini ba mu da yawa a wurin, don yawancinmu suna Zariya, sai washegari suka iso. Amma layin gidan ya cika ya batse da mutanen da ban san rabinsu ba: birkiloli, kafintoci, masu ɗaure rodi, leburori. Wasu daga wurin aiki suka taho kai tsaye, siminti bai ma bushe a ƙafafunsu ba. Waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya gefe lokacin da ake sallar jana'iza, huluna a hannu.

Da yamma wani kafinta Ibo, dattijo, wanda ya daɗe yana aiki da Kawu, ya nemi izinin gaida matar Kawu, wadda muke kira Hajiya. Ya tsaya bakin zaure, ya ƙi zama.

"Mama, sannu da haƙuri," ya ce da Hausarsa ta Abuja. "Oga Foman, shi ba ta ƙarya. Shi ba ta sata. Ba ciwo ya kashe shi ba, mutane ne."

Wani malami da ke kusa ya ce, "A'a, bawan Allah, kwana ne ya ƙare."

"Na sani, Malam. Amma ni ma na san abin da na sani."

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Akwai kuma wani mutumin Karshi mai ƙafa ɗaya, wanda a da sana'arsa ɗaure rodi ce. Kwana ukun nan na zaman makoki bai fashi ko ɗaya ba. Zai zo da sandunansa biyu, ya jingine su jikin bango, ya zauna har a yi magariba, ba ya magana da kowa. A rana ta biyu ina raba ruwa a tsakar gida na ji wata maƙwabciya tana raɗa wa ta kusa da ita, "Kin ga gurgun can na waje? Ai an ce marigayin ne sanadin ƙafarsa. Rodin ginin ya sayar. Allah dai Ya yafe masa."

Na ajiye kofin da ke hannuna na shiga ɗaki. Wannan raɗar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kamfanin da Kawu ya yi wa aiki fiye da shekara ashirin bai turo ko mutum ɗaya ba. Idan na yi shiru, abin da maƙwabciyar nan ta faɗa shi ne zai zama tarihinsa.

Kawu ya zo Abuja yana birkila tun Garki rabinta daji ce. Da farar hula ta dawo mulki aka shiga gine-gine ba ji ba gani, ko'ina ka duba bene ne ke tashi, a lokacin ya riga ya zama foman, wato shugaban ma'aikata a wurin gini. Shi ya sa har matan unguwa Kawu Foman suke ce masa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya rabo da farar hula ko da ya ɗora hular kwano a kanta. Idan aka sauke bulo, zai ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai kafaɗarsa ya saki. In ya tarwatse, motar ta koma da kayanta, ko ta waye. Yashi kuwa murza shi yake yi a tafin hannu, ya kaɗe, ya duba ko ya bar masa jar ƙasa. Maganar da kowa ya san shi da ita guda ce: "A kira ni kafin a rufe." Ba a zuba kankare a kan rodi, ba a yi wa bango filasta a kan bututu, sai ya zo ya gani da idonsa. Da ya gani sai ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba, ya zaro fensir daga ƙarƙashin hula, ya rubuta da ajami: rana kaza, hawa na kaza, rodi mai kauri kaza, wane ne ya ɗaure. Bai yi boko ba. Littattafan nan nasa sun cika wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Da na ce fannin gini nake so in karanta, mahaifina ya ce aikin maza ne, in nemi koyarwa. Kawu ya tashi takanas daga Abuja ya je Zariya. Na ji shi ta taga yana cewa, "Yarinyar nan tun tana ƙarama in ta shiga ɗaki bango take kallo. Ka bar mini ita." Da na gama, shi ya kai ni kamfaninsu, aka ɗauke ni a ofishin da ke kula da zane da rahotannin aiki.

Ba ni kaɗai ya kai ba. Kawu yana da amini tun suna samari, tare suka zo Abuja a bayan mota ɗaya. Aminin ya rasu ya bar ɗa namiji yana tsakiyar karatun injiniya. Kawu ya riƙe shi har ya gama, ya kama hannunsa ya kai shi gaban mai kamfani, sannan ya shekara biyu yana koya masa abin da ba a koyarwa a aji: yadda ake gane kankare ya sha ruwa da yawa, yadda ake jin ƙarar katakon da ya gaji. Ranar ɗaurin aurensa Kawu ne ya karɓa masa aure. Shi Baba yake ce wa Kawu, ni kuma Yaya nake ce masa. A nan zan kira shi Injiniya, don sunan da ya fi so ke nan.

Na tuna wata rana da matar mutumin Karshin nan take naƙuda, abin ya zo da gardama. Ya zo aiki, yana ɗaure rodi yana kuskure. Kawu ya karɓi ƙugiyar ɗaurin daga hannunsa ya ce, "Tafi." Mutumin ya ce ai in ya tafi za a rubuta bai zo ba. Kawu ya ce, "Wa ya ce ba ka zo ba? Ga aikinka nan ana yi." Ya tuɓe babbar riga, ya tsuguna a rana, ya yini yana ɗaure wa wani rodi, foman guda, da furfurarsa. Washegari yatsunsa duk sun tsattsage, Hajiya na ta faɗa tana shafa masa man kaɗanya.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, kuma a kan kwamfutar hannu ne.

Kamfani ya sayo su, kowane wurin aiki guda ɗaya, da wata manhaja da ake ɗaukar hoton aiki a tura ofis nan take, da rana da lokaci a jiki. Ni aka ɗora wa koya wa ma'aikata, ni kuma a lokacin ji nake ba abin da ya fi wannan a duniya. Na kai wa Kawu tasa, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"Uwata, abin da ba zan iya naɗewa in sa a aljihu ba, ba zan ba shi amanar gini ba."

Na yi bayani, ya ƙi. Na sake yi, ya ce idonsa bai mutu ba tukuna. Raina ya ɓaci, a gaban leburori na ce, "Kawu, zamanin fensir fa ya wuce. In ba ka koya ba za a bar ka a baya."

Ya dube ni, ya ce, "To, Uwata." Mako biyu in na gaishe shi amsawa kawai yake yi, ba ƙari.

Abin da ya sauya shi ƙaramin abu ne. Ruwa ya fara tsattsafowa a bangon wani gida da aka riga aka gama, masu gyara suka ce sai an farfasa bangon duka kafin a gano bututun. Ni kuwa na taɓa ɗaukar hoton bangon kafin a yi filasta. Na nemo shi, na nuna wa Kawu. Ya kalli hoton, ya kalli bango, ya auna da tafin hannu, ya ce a fasa nan. Aka fasa wuri kamar faɗin faranti, ga bututu. Sai ya fashe da dariya har hular kwanonsa ta faɗi.

"Ashe abin nan ma ana kiransa kafin a rufe! Kawo allon nan, Uwata."

Daga ranar sunan kwamfutar ya koma allo. Da yake ba ya rubutun boko, na nuna masa inda zai danna ya yi magana ta naɗi muryarsa. Sai ka gan shi tsaye kan katako, ya ɗaga allo da hannu biyu kamar mai addu'a, yana yi masa sallama kafin ya fara bayani. Ma'aikata kuwa tsoron abin suke yi, suna cewa an kawo shi ne don a riƙa leƙen asirinsu a kore su. Kawu ya tara su a rumfar mai abinci, ina wurin.

"Ku saurare ni," ya ce. "Tun da nake aikin nan, in gini ya samu matsala wa ake kamawa? Mu. Don su manya suna da takarda, mu ba mu da ita. Yanzu ga hoto, ga murya, ga rana. Abin da aka ce ka yi yana nan, wanda ya ce ka yi yana nan. Wannan shaidarmu ce, ba tasu ba. Ni na tsaya muku."

Da yake shi ne ya faɗa, suka yarda. A cikin 'yan watanni wurin aikin Kawu ya zama abin misali a kamfanin, ana turo fomanonin wasu wurare su zo su gani.

Amma bai bar ɗan littafinsa ba. Zai yi wa allo magana, sannan ya zaro fensir ya sake rubutawa. Ni ce na hana shi. Wannan shi ne abin da har gobe ba na iya yafe wa kaina. Na ce masa wahala ce kawai yake ba kansa, aiki biyu. Na ce abin da ya shiga allo ba ya ɓata, ko allon ya faɗa rijiya, don ba a cikinsa yake zama ba, wani rumbu yake tafiya a intanet.

"Rumbu," ya ce. "Wa ke riƙe da mukullin rumbun?"

Na yi dariya. "Kamfani mana. A hannun Yaya yake."

Ya kalli allon. Sannan ya ce, "To, in a hannun ɗana yake, ai a gida yake." Ya mayar da fensir ƙarƙashin hula. Tun daga ranar ban sake ganin ya zaro shi don aiki ba.

Bayan haka da kamar wata bakwai aka ba su wani benen ofisoshi mai hawa huɗu a Garki, Injiniya ne shugaban aikin. Mai ginin yana gaggawa, kullum waya. Da aka zo hawa na uku, rodin da aka kawo don barandar da ta fito waje bai kai kaurin da ke cikin zane ba. Kawu ya auna, ya ɗauki hoto da ma'aunin a jiki, ya naɗi murya ya tura. Ni na buɗe saƙon a ofis, na saurara, na tura wa Injiniya. Ba a amsa ba. Kawu ya sake turawa washegari, da jibi. A rana ta uku Injiniya ya zo da kansa, ni ma ina wurin na kai wasu takardu.

"Baba, na ga saƙonka. An sake duba lissafin ƙarfin a ofis, wannan ma ya wadatar."

"Ɗana, ni ban san lissafi ba, amma na san baranda. Wannan ba zai ɗauka ba."

"Baba, ni na karanta abin nan. Ka yarda da ni."

Kawu ya miƙa masa allon. "To rubuta a nan cewa kai ka ce a zuba."

Injiniya ya yi murmushi, ya karɓa, ya rubuta, ya sa sunansa. Da idona na karanta. Aka zuba kankare.

Kwana kaɗan bayan nan aka ce a cire katakon da ke tokare da barandar, ana son masu fenti su fara. Kawu ya ce kankaren bai yi ƙwari ba, ko kusa, ya tura wannan ma a allo. Sai aka ce ana bukatarsa a wani aikin kamfanin a can wajen gari na kwana biyu. Yana can aka cire katakon. Ranar Alhamis da hantsi barandar ta rufto. Mutum uku suka ji rauni. Mutumin Karshi yana daidai ƙarƙashinta, a asibiti aka yanke masa ƙafa.

Kafin azahar ta ranar an bi duk wuraren aiki an karɓe alluna, wai don bincike. Washegari da safe na zo ofis na sa lambar sirrina, manhajar ta ƙi buɗewa. Na sake sawa, ta ƙi. Aka ce ana gyara ne.

Da aka zauna bincike, Injiniya ya miƙe cikin fararen kaya ya ce ofis bai taɓa samun wani rahoto daga foman a kan rodi ba. Ya ce kamfani rodi mai kauri ya saya, kuma foman ne ke karɓar kaya. Bai ce Kawu ɓarawo ne ba, ya dai jera maganar yadda kowa zai faɗa da kansa. Aka buɗe rumbun a gaban masu binciken. Hotunan hawa na ɗaya suna nan, na biyu suna nan, na huɗu ma da aka fara suna nan. Na uku babu komai, kamar Kawu bai taɓa hawansa ba.

Na tashi na faɗi abin da na gani da abin da na ji. Wani daga cikinsu ya tambaye ni, "Kina da kwafi?" Na ce a'a. Ya ce, "Mene ne tsakaninki da foman?" Na ce kawuna ne. Ya rubuta wani abu, ya ce in zauna. Ma'aikata da yawa sun ga ranar da aka miƙa wa Injiniya allo, amma an riga an sanar da su cewa duk wanda ya buɗe baki ya nemi wani aikin. Kafintan nan Ibo kaɗai ya zo ya faɗa, kuma a makon aka sallame shi. Kawu ya kwana uku a hannun 'yan sanda. Daga baya aka kashe maganar ba tare da an je kotu ba, aka kore shi, aka bar masa sunan.

Na je ofishin Injiniya na same shi shi kaɗai.

"Yaya, ina hotunan?"

"Waɗanne hotuna?"

"Ka dubi Allah. Shi ya karɓa maka aure."

Ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda garin nan yake ba. Ko dai shi, ko kamfanin gaba ɗaya. Kin san mutum nawa ke ci a nan? Baba ya riga ya yi zamaninsa, ya gina gidansa, ya aurar da 'ya'yansa. Ni yanzu na fara. In ƙura ta lafa zan je in same shi, zan kula da shi."

Na ajiye masa katin aikina a kan tebur na fita. Bai je ba.

Ranar da aka sako Kawu na je Masaka. Na same shi ya jawo akwatin ƙarfen nan tsakar ɗaki, yana buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya. Kowane gini da ya taɓa yi a Abuja yana ciki. Ya ɗauko na ƙarshe, wanda rubutu ya tsaya a tsakiyarsa, ya yi ta juya fararen shafukan har bango. Na durƙusa ina kuka ina cewa ya yafe mini. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Tashi, Uwata. Ke kin faɗi abin da kika sani ne. Ni ne na san rodin bai yi ba, na tsaya aka zuba don an sa hannu. Da na ajiye aikin na tafi gida, da bawan Allan nan yana da ƙafarsa." Wannan ita ce maganar da ya yi ta maimaitawa har ya bar duniya. Ban taɓa jin ya koka da korar da aka yi masa ba, ƙafar nan ce ke cinsa.

Babban kamfani bai sake ɗaukarsa ba, labari ya riga ya zaga. Ya koma ƙananan ayyuka a Masaka da Karshi, ɗaki biyu, shago, katanga. Aikin farko da ya yi shi ne ɗakin mutumin Karshi: ya rushe dakalin ƙofar ya yi masa gangara, ya sa masa ƙarfen dafawa har banɗaki. A can na same shi wata Asabar, na ce masa na samu aiki a wani ƙaramin kamfani, su ma suna so in kafa musu irin wannan tsarin, amma na rantse ba zan sake taɓa allo ba.

Ya ajiye cokalin gininsa. Rabon da ya ɗaga mini murya tun ina ƙarama.

"Kada in sake jin wannan! Allon ne ya yi mini ƙarya? Abin da na faɗa masa ya riƙe. Mutum ne ya sa hannu ya goge. Ki je ki kafa musu. Amma duk hoton da birkila ya ɗauka, ya shiga wayarsa shi ma. Kafinta ya samu nasa, mai gini ya samu nasa. Kada ki sake barin mukulli a hannun mutum ɗaya, ko da ɗanki ne."

Haka na yi, haka nake yi har yau. Ba kowane oga ke so ba.

Sau ɗaya suka sake haɗuwa da Injiniya, a wani masallacin Juma'a a Garki. Wanda ya gani ya ba ni labari. Injiniya ya taho da fara'a ya miƙa hannu biyu yana "Baba, Baba." Kawu ya amsa sallamar, don ba ya barin sallama a ƙasa, amma ya zura hannayensa cikin aljihun riga ya wuce. Mutumin da ko mahaukaci ya miƙo masa hannu sai ya karɓa. Hajiya ta ce ranar bai ci abinci ba, ya zauna a zaure har la'asar yana kallon ƙasa. Bayan nan ne hawan jini ya kama shi sosai. Bai cika shekara biyu da barin aiki ba ya rasu.

Mako uku da rasuwarsa, kamfanin da nake yi wa aiki ya tura ni wani taro a babban ɗakin wani otal a cikin gari. Taron na jan hankalin masu gini ne su rungumi fasahar zamani. Ban duba jerin masu jawabi ba sai da na zauna. Na uku Injiniya ne.

Ya yi magana da Turanci mai daɗi. Ya ce hoto ba ya ƙarya, ya ce da wannan tsari ba wanda zai iya ɓoye kuskure a wurin gini. Sannan ya ce zai nuna mana cewa fasaha ba ta 'yan boko kaɗai ba ce, ya danna abin hannunsa. Sai ga Kawu ya cika bangon ɗakin. Yana tsaye kan katako, farar hula ƙarƙashin hular kwano, ya ɗaga allo da hannu biyu, yana dariya. Ban san ma an taɓa ɗaukarsa ba.

"Wannan dattijo bai taɓa shiga aji ba," in ji Injiniya. "Amma mun yi haƙuri mun koya masa." Ɗaki ya ɗauki tafi.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu, aka miƙo mini abin magana. Na miƙe tsaye. Da Hausa na yi, ban ma san na yi da Hausa ba.

"Yaya, ka gaya musu sunan dattijon nan, ka gaya musu inda yake yanzu. Sannan ka gaya musu ina hotunan da ya tura maka na hawa na uku."

Waɗanda suka ji Hausa suka juyo. Injiniya ya kalli takardarsa, ya sha ruwa, ya ce wannan magana ce ta cikin gida, za mu yi ta daga baya. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, wani ya zo ya karɓi abin maganar daga hannuna cikin ladabi. Aka tafi shan shayi. Ba wanda ya tuna ya kashe na'urar, Kawu ya ci gaba da dariya a bango, ɗaki ba kowa. Na matsa kusa na ɗauke shi da wayata.

Daga nan Masaka na nufa. Hajiya tana cikin takaba, zaune a ɗaki. Na ba ta labarin duka, ina jiran ta yi fushi ko ta yi Allah ya isa, don ni abin da ke bakina ke nan. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Mu gani."

Na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da ido, ta matso da ita, ta daɗe tana kallo.

"Shekara arba'in yana fita da asuba yana dawowa da ƙura," ta ce. "Ban taɓa ganinsa a wurin aikinsa ba. Ashe haka yake dariya a can."

Ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, ta ce in wanko mata shi babba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya wanke sunansa a ranar da ba mai iya goge komai. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu haƙurin da har yanzu ni ban samu ba.